Wutar Rana A Bisa Rufi: A Yi Lissafi Kafin A Kwance Lalita

'Yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, maganarmu ta wannan mako maganar wuta ce, kuma maganar kuɗi ce. Duk wanda ya bi unguwannin Kano, ko Katsina, ko Zariya, ya ɗaga kai sama, zai ga baƙaƙen farantan sola sun fara yawa a bisa rufin gidaje. Da a gidan mai hali kaɗai a ke ganinsu, yanzu kuwa har tela da mai aski suna tambayar farashi. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi lissafin abin nan a fili, da alƙaluma, don kada wani ɗan'uwa ya sayar da tumakinsa ya sayo abin da zai mutu cikin wata shida, kada kuma wani ya yi ta ƙona kuɗinsa a janareta alhali da ya yi lissafi da tuni ya huta.

Ga ra'ayinmu tun da fari. Talaka shi ke sayen wuta mafi tsada a ƙasar nan, domin lita lita ya ke sayenta. Wutar sola ta fi ta janareta araha nesa ba kusa ba, amma fa tana neman kuɗinta duka a bakin ƙofa, kuma ba ta yafe wa wanda ya saya da ka.

YADDA MUKA ZO NAN

An fara samun wuta daga madatsar Kainji a 1968. An kafa NEPA a 1972, aka sake mata suna PHCN a 2005, sa'an nan a Nuwamba 2013 aka sayar da kamfanonin raba wuta, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Suna ya yi ta sakewa, amma wutar da a ke raba wa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Abin da ya cike gurbin shi ne janareta, tun daga babban injin masana'anta har ɗan ƙaramin nan mai hayaƙi da a ke ajiyewa a bakin zaure.

Sa'ad da fetur ke da araha mutane sun haƙura. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoba 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 kowace rana, daga wajen Naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka sauko da shi kusa da 210. A Oktoba 2024 ɗin nan kuma manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda. Mai ƙanƙara da mai walda da mai niƙa ba sai mun tuna musu hasarar da suka yi ba. Waɗannan abubuwa su suka sa kowa ya ɗaga kai ya dubi rana.

FARA DA ƘIDAYAR KAYAN GIDANKA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya je wurin mai sayarwa ya ce, "Ina da kuɗi kaza, me za ka haɗa mini?" Wanda ya yi haka ya miƙa wuƙa da nama. Ba wanda ke zuwa wurin tela ya ce a ɗinka masa riga ta kuɗi kaza ba tare da an auna shi ba. A zauna a gida tukuna da takarda da fensir.

Kowane abu mai aiki da lantarki yana da lamba a jikinsa ko a kwalinsa, da harafin W a gefe. Wannan shi ne wat, watau ƙarfin cinsa. A ninka wat ɗin da yawan awoyin da abin ke aiki a rana. Abin da ya kai 1,000 shi ne yunit ɗaya, irin wanda mita ke ci. To, mu ɗauki gidan matsakaicin magidanci mai ɗaki uku:

Ƙwayayen lantarki 6, kowane wat 10, awa 6: 360.
Fankoki 3, kowace wat 70, awa 8: 1,680.
Talabijin da akwatinsa, wat 70, awa 5: 350.
Cajin wayoyi da rediyo: 110.
Jimla: 2,500, watau yunit biyu da rabi a rana.

Jama'a, a dubi lissafin nan da kyau. Fanka kaɗai ta cinye kashi biyu cikin uku. Akwai fankoki na zamani masu cin wat 30 ko ƙasa da haka. In aka musanya ukun nan da su, an rage 960, kusan yunit guda ke nan kowace rana. Sayen fanka uku ya fi sayen ƙarin batir sauƙi ƙwarai. Haka nan tsohon ƙwai mai zafi na wat 60 yana cin abin da sababbi shida ke ci. Wanda zai sa sola, ya fara rage cin gidansa kafin ya tambayi farashin faranti.

FARANTI NAWA

Lambar da ke jikin faranti, a ce wat 400, ita ce abin da ya ke bayarwa cikin cikakkiyar rana, yana da tsabta, bai ɗauki zafi ba. Rana takan yi kusan awa 12 a sama, amma ta safe da ta yamma ba su da ƙarfi. In aka tara hasken yini duka, a ƙasar Kano yakan yi daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Wannan rabo ne babba, ya kusa ninka abin da Jamus ke samu, ga shi kuwa Jamusawa sun cika rufinsu da farantai. Mu yi lissafi da awa 5 don kada mu ruɗi kanmu.

Daga nan sai a cire kashi ɗaya cikin huɗu. Faranti in ya yi zafi ƙarfinsa yakan ragu, ƙura takan tare haske, wayoyi da batir da sauran na'urori kowa yakan ɗebi ladansa a hanya. Saboda haka farantai na wat 1,000 za su ba da yunit 3 da kwata uku a rana. Gidan misalinmu mai bukatar yunit biyu da rabi yana neman wajen wat 670. Farantai biyu masu wat 400 sun isa, za su ba da yunit 3, da ɗan rara saboda hazon hunturu da markar Agusta.

Kowane ɗaya daga cikinsu ya kusa murabba'in mita 2, nauyinsa wajen kilo 20. A duba katakon rufi ko zai ɗauka, a ɗaure da ƙarfe sosai, gama iskar farkon damina ba ta wasa. A fuskantar da su kudu, a ɗan karkata su kamar digiri 12 a ƙasar Kano, a bar sarari a ƙarƙashi iska ta ratsa. A kiyayi inuwar darbejiya, da ta tankin ruwa, da ta benen maƙwabci, domin inuwa a kusurwa ɗaya takan rage aikin farantin fiye da girmanta. Da hunturu a riƙa wankewa da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma, kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya ɗauki zafin tsakar rana.

BATIR SHI NE GINDIN MAGANA

Rana tana aiki da rana, mu kuwa da dare mu ke bukatar fanka da haske. Batir shi ne rumbun, kuma shi ne mafi tsada da saurin mutuwa. Mu ce cikin yunit biyu da rabin nan, biyu da dare a ke cinsu.

Batir iri biyu ne a kasuwa. Na fari shi ne mai ruwa, na dalma. Wanda aka rubuta wa 200 da bolt 12 yana ɗaukar yunit 2.4 a takarda, amma rabi kaɗai ya kamata a ci. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ya shirya sayen wani kafin shekara ta kewayo. Saboda haka gidanmu yana bukatar guda biyu. In an kula da su, ana ƙara musu ruwan batir, suna wuri mai iska, sukan yi shekara 2 zuwa 4. Na biyu shi ne na litiyam. Shi ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya ɗauka, ba ya neman ruwa, na ƙwarai kuma yakan yi shekara 8 zuwa 10. Guda ɗaya mai yunit biyu da rabi zai riƙe gidan misalinmu, in ba a ƙara masa kaya ba. Zafi abokin gāban duka biyun ne, kada a ajiye su kusa da murhu ko inda rana ke duka, mai ruwa kuma kada a kwana da shi a ɗaki rufe.

Sai inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan gida ke ci. Ita da wat a ke auna ta, watau a tara dukan abin da zai yi aiki lokaci guda. A gidanmu in an kunna kome bai wuce wat 370 ba, don haka inbata mai wat 1,000 ta isa har da saura. Akwai kuma kwantirola mai tsare batir daga cajin da ya wuce kima. Inbata da yawa na yanzu suna zuwa da ita a ciki, suna kuma iya cajin batir da wutar kamfani in ta samu.

Yanzu ga abin da ke kashe sola a gidaje. Dutsen guga yana cin wat 1,000 ko fiye. Hitar ruwa ta fi shi. Na'urar sanyaya ɗaki ƙarama in ta kwana awa 8 tana iya cin yunit 6, watau fiye da ninki biyu na gidan duka. Firij yakan ci yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a zafin bazara, kuma sa'ad da injinsa ke tashi yakan fizgi ninki uku ko fiye na cinsa. Wanda ke son firij sai ya ƙara faranti ɗaya, ya ƙara batir, ya sa shi cikin lissafi tun da fari. Maigida kuma ya tara iyalinsa ya yi musu bayani, domin sau da yawa yana kasuwa a ke jona hita a gida, batir ya mutu, a ce sola ƙarya ce. Daidai ruwa daidai tsaki.

KUƊIN NAWA

A duniya farashin faranti ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Amma kayan nan da dala a ke shigo da su, galibi daga Sin, dala kuwa da ta ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati a Mayu 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Arahar da duniya ta samu, faɗuwar Naira ta cinye mana kaso mai yawa. Tun da farashi yana bin dala, za mu ɗauki adadi na misali, kowa ya goge ya sa na kasuwarsa na ranar da zai saya:

Farantai biyu: Naira 240,000.
Batir na litiyam: Naira 550,000.
Inbata da kwantirola: Naira 250,000.
Wayoyi, ƙarafa, fis da kuɗin aiki: Naira 160,000.
Jimla: Naira 1,200,000.

Layin ƙarshen nan shi mutane ke so su yanke, shi ne kuwa bai kamata a taɓa ba. Siririyar waya takan yi zafi, haɗin da bai ɗauru ba yakan yi tartsatsi, gidan da ba fis tsakanin batir da inbata yana kwana da gobara a ƙarƙashin rufi.

YAUSHE KUƊIN ZAI DAWO

Wannan ita ce tambayar ɗan kasuwa, amsarta kuwa tana ga abin da mutum ke biya yanzu. A raba kuɗin sola da abin da za a daina kashewa kowane wata, abin da ya fito shi ne yawan watannin jira.

Mutum na fari yana kunna ƙaramin janareta awa 6 kowane dare. Irin wannan inji yakan sha wajen rabin lita a awa, lita 3 ke nan. In lita tana Naira 1,000, ya kashe 3,000 a dare, 90,000 a wata. A ƙara 10,000 na baƙin mai da fulogi da bakanike, ya zama 100,000. Kuɗin solarsa zai dawo cikin wata 12. In an cire watannin sanyi da ba a kunna fanka, a ce wata 15.

Mutum na biyu lita ɗaya ya ke iya saye a rana, awa biyu a kashe. Shi yana kashe wajen 35,000 a wata har da gyara. Nasa zai ɗauki wata 34, kusan shekara 3, amma zai tashi daga wutar awa biyu zuwa ta dare duka.

Mutum na uku yana rukunin A, wuta tana zuwa masa sosai, ba ya kunna inji. Yunit biyu da rabi a kan Naira 210 ya kama 525 a rana, wajen 190,000 a shekara. Shi sai ya jira fiye da shekara 6.

Mutum na huɗu yana ƙananan rukunai da ba a ɗaga wa kuɗi ba a 2024, a ce yana biyan Naira 65 a yunit, ba shi da janareta. Abin da zai rage bai kai 60,000 a shekara ba, watau shekara 20, kafin nan kuwa ya sake batir sau biyu. Wannan mutum kada wani ya ce masa sola za ta mayar masa da kuɗi. In ya saya, barcin 'ya'yansa da karatunsu na dare ya saya, domin rukuninsa awa 4 ko 8 aka yi masa alkawari, su ma ba kullum su ke cika ba. Irinsa ya fi kyau ya fara da ƙarami, faranti ɗaya da fitilu da fanka guda.

Yanzu mu auna yunit da yunit. Mutumin fari yana ƙona Naira 3,000 ya sami yunit 2.2, watau kowane yunit ya kama masa fiye da Naira 1,300. Wannan ya ninka na rukunin A sau shida. Sola kuwa, in muka ƙara 300,000 na sake inbata da gyare-gyare cikin shekara 10, jimla ta zama 1,500,000, ta ba da yunit 9,125, kowane ya tashi a wajen Naira 165. Ko da ba a cinye duka ba ya kai 250, har yanzu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na janareta ba. Farantan kuma ba su mutu ba a shekara ta goma, na ƙwarai masu yinsu sukan ba su lamunin shekara 25. Ba mu sa kuɗin ƙarar inji ba, ba mu sa hayaƙinsa da ke kashe iyali guda cikin barci in an kwana da shi a rufe ba.

Ga 'yan kasuwa akwai ƙarin albishir. Batir shi ne kusan rabin kuɗin, shago kuwa da rana ya ke aiki. Tela, da mai aski, da mai cajin waya suna cin wutar sa'ad da a ke yinta, ɗan ƙaramin batir ya ishe su. Wanda shagonsa ke jikin gidansa, farantai ɗaya za su yi wa shago aiki da rana, su yi wa gida da dare, in an auna su da kayan biyun. Gani ya kori ji. An sa wa shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola tun 2018, Jami'ar Bayero ta buɗe tashar megawat 7.1 a 2019, aka kuma buɗe ta megawat 10 a Kumbotso a 2023. Abin yana aiki a ƙasarmu da ƙurarmu.

A KIYAYI ALGUS

Duk lissafin nan yana tsaye ne a kan kaya na gaskiya. Kasuwa kuwa ta cika da faranti mai lambar ƙarya da tsohon batir da aka yi wa sabon fenti. Ga awo biyu da kowa zai iya yi ko bai je makaranta ba. Faranti na ƙwarai yana ba da wat 200 da 'yan kai a kowane murabba'in mita. In ka ga wanda bai wuce mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi ba, an rubuta masa wat 500, ka yi sallama ka wuce. Batir mai ruwa na 200 kuma nauyinsa yana wajen kilo 60, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da wasa, domin dalmar da ke ciki ita ce ƙarfinsa. Wanda yaro ya ɗauka da hannu ɗaya, sunansa kaɗai ne batir.

A karɓi rasit mai lambar kowane abu da wa'adin lamuni a rubuce. A nemi mai haɗawa ya nuna gida biyu ko uku da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, a je a tambayi masu gidan. Kada a biya kuɗin aiki duka sai abin ya kwana bakwai yana aiki. Ɗan haya ya yi takarda da mai gida gaban shaidu cewa kayan nasa ne, ran da zai tashi zai kwance abinsa. Mataccen batir kuma a mayar wa masu sayensa, kada a fasa shi a tsakar gida, dalma guba ce ga yara. Araha ba ta ado.

INA TALAKA ZAI SAMI MILIYAN

Nan ne gizo ke saƙa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yuli 2024 Naira 70,000 ne. Solar misalinmu albashin wata 17 ke nan, ba ci ba sha. Mai kuɗi yana biya sau ɗaya ya sami yunit a kan 165, talaka yana biya kullum a kan 1,300, dalili kuwa shi ne ba ya iya tara miliyan wuri ɗaya. Banki ba mafita ba ne. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuma a sama da haka su ke ba da rance. Ruwa na kashi 30 a kan 1,200,000 ya kama 360,000 a shekara, ban da cewa da yawa daga cikin jama'armu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko kusa.

Abin da ke hannunmu shi ne adashi, wanda uwayenmu mata suka riga kowa sani. Mutum 12 masu kashe 100,000 a mai, in kowa ya zuba 100,000 a wata, kowane wata gida ɗaya zai sami wuta. Wanda ya ɗauka da fari, kuɗin mansa ne zai koma zubi. Amma na ƙarshen layi zai yi wata 11 yana biyan mai yana biyan zubi, wannan kuwa nauyi ne. Saboda haka a yi ƙuri'a a fili, a rage zubi a fara da ƙananan kaya in ya yi yawa, kuma a riƙa ba da kaya maimakon tsabar kuɗi, don kada biki ko suna ya cinye. Ƙungiyar da ke sayen kayan gida 12 a wuri ɗaya tana da bakin neman ragi da lamuni wanda mutum ɗaya ba shi da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA MU KE NEMA GA HUKUMA

A 2025 an ware Naira biliyan 10 don sa wa fadar shugaban ƙasa wutar sola, aka ce kuɗin wutar da fadar ke biya ya yi yawa. Ba mu ce lissafinsu kuskure ne ba, shi ne ma lissafin da muka yi a sama. A farashin misalinmu, kuɗin nan ya isa gida fiye da 8,000. A shekarar kuma wani minista ya fito ya ce gwamnati tana shirin hana shigo da farantan sola don a raya masu yi a gida. Muna son a yi faranti a Nijeriya, a yi shi a Kano ma. Amma wanda ya rufe ƙofa kafin na gida ya wadata, farashi ya ɗaga wa talaka, shi kuwa ya riga ya sa nasa a rufi.

Bukatunmu huɗu ne. Na ɗaya, kada a hana shigo da kayan sola, kada a ɗora musu haraji, sai masana'antun gida sun iya wadatar da kasuwa a kan farashi da inganci ɗaya. Na biyu, hukumar SON ta riƙa auna faranti da batir a tashar jiragen ruwa da cikin kasuwa, ta buga sunayen na ƙarya kowa ya sani. Na uku, jihohi su kafa asusun rance marar ruwa ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a, a ba da kaya a biya wata wata, a riƙa buga sunayen waɗanda suka samu don kada ya zama rabon 'yan gaban goshi. Na huɗu, makarantun koyon sana'a su koya wa samari haɗa sola da gyaranta, su ba su takardar shaida.

Kada kuma wani ya ɗauka faranti a bisa rufi ya sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta. Farantai biyu za su juya fanka, ba za su tashi masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa ba, inda 'ya'yan talakawa ke neman aiki. Wutar ƙasa hakkinmu ce, za mu ci gaba da nemanta.

Kafin nan, 'yan'uwa, ga aikin wannan mako. Kowa ya sami ɗan littafi, ya rubuta kuɗin man da ya saya kowace rana har kwana talatin, ya rubuta wat ɗin kowane abu da ke gidansa da awoyin aikinsa. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta. Ran da littafin ya cika, shi zai gaya maka ko kai ne mutum na fari ko na huɗu, da shi kuma za ka shiga kasuwa ka yi ciniki ido buɗe. Allah ya sa mu dace.